Ɗora Magani Kan Magani: Ina Iyakar Tausayi?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce: mutumin da ya ga ɗan'uwansa cikin ciwon damuwa, tausayi ya kama shi, ya ɗauko wani magani ya ƙara masa a kan wanda likita ya rubuta, shin aikin lada ya yi ko kuwa alhaki ya ɗauka? Haka kuma shi kansa majinyacin, idan ya ga sauƙi ya yi jinkiri ya shiga haɗa wannan ƙwaya da waccan da kansa, shin neman magani yake yi wanda shari'a ta yi umurni da shi, ko kuwa ya faɗa cikin abin da ta hana? Wannan tambaya ta taso ne domin abin yana aukuwa a tsakaninmu, a nan Kwalkwalawa da cikin birnin Sakkwato da sauran garuruwa, kuma galibin masu yin sa mutanen kirki ne waɗanda ba su nufi kowa da sharri ba.

Kafin mu shiga hukunci, wajibi ne mu san abin da ake magana a kansa, domin malamai sun ce ba a hukunta abu sai an san siffarsa. Baƙin ciki dai ba baƙon abu ba ne ga ɗan Adam, kuma ba alamar raunin imani ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Ya'aƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cikin Suratu Yusuf, yadda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalibi suka rasu kuwa, shekara ta 10 bayan aike, masu tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Bugu da ƙari, ya tabbata cikin Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa wani kunu da ake kira talbina, tana kafa hujja da cewa Manzon Allah ya faɗi yana kwantar da zuciyar mara lafiya, yana kuma rage wani sashe na baƙin ciki. Ashe ke nan tun farkon Musulunci an san cewa abin da ke shiga ciki yana taɓa halin zuciya.

Wani malami mai suna Abu Zaidin al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. Akwai wanda aka san sanadinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya. Misalinsa shi ne manomin fadamar Gulbin Rima wanda ambaliya ta cinye masa shuka, irin yadda aka gani a shekarar 2010 lokacin da ruwa ya tafi da gadar da ta haɗa gari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Irin wannan galibi nasiha da ta'aziyya da taimakon 'yan'uwa da wucewar kwanaki su ke rage shi. Akwai kuma wanda yake sauka wa mutum ba tare da wani sanadi bayyananne ba, ya danne shi, ya hana shi jin daɗin kome, kuma malamin ya ce tushen wannan yana cikin jiki, saboda haka yana bukatar a yi wa jiki magani. Likitocin zamani suna kiran mutum mai ciwon damuwa idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar kome ya zauna masa kusan kullum har tsawon mako 2 ko fiye, tare da lalacewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kansa ba shi da wani amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa mutane wajen miliyan 280 ne ke fama da shi.

Magungunan da ake ba masu wannan ciwo iri-iri ne. Akwai tsoho wanda aka daɗe ana amfani da shi a asibitocinmu saboda arha, watau amitiriftilin. Akwai kuma na baya-bayan nan irin su fuluwozetin da satiralin. Galibinsu suna aiki ne ta hanyar ƙara yawan wasu sinadarai da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, musamman wanda ake kira sirotonin. To, a nan ne jarrabawar take: waɗannan magunguna ba sa aiki kamar maganin ciwon kai wanda ake sha a ji sauƙi kafin a yi sallar La'asar. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin amfaninsu, wani lokaci sai an kai mako 6 ko 8 kafin a san ko sun karɓi mutum, alhali kuwa illolinsu, kamar bushewar baki da tashin zuciya da jiri, tun kwanakin farko suke bayyana. Mutumin da ke cikin ƙunci, kowace rana a wurinsa kamar shekara take, sai ya ga ya sha magani kwana goma babu canji. Daga nan sai maƙwabci ya ce akwai wanda aka rubuta wa matata ta ji daɗinsa, bari in kawo maka. Ko kuwa ya tafi wani asibitin dabam a rubuta masa sabo, bai faɗi cewa yana shan wani ba, ya dawo gida yana haɗa su biyun.

Masu karatu, bari in kawo misali daga ilmin nahawu wanda shi ne sana'ata. Kalma idan tana ita kaɗai an san yadda take, amma da zarar an shigar da ita cikin jumla sai wata kalmar ta yi aiki a kanta ta canja mata wasalin ƙarshe, har ma'ana ta juya. Ɗalibin da ya haddace kalmomi bai san yadda suke aiki kan juna ba, zai yi ta yin kuskure yana zaton daidai yake karantawa. Haka magani yake. Fuluwozetin, alal misali, yana rage ƙarfin hanta wajen narkar da amitiriftilin, saboda haka wanda ya haɗa su sai amitiriftilin ya taru a jininsa fiye da kima, ko da kuwa bai ƙara yawan ƙwayar ba. Shi kuwa amitiriftilin idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, yana kawo jijjiga, yana kuma iya kisa. Daɗin daɗawa, fuluwozetin yana daɗewa a jiki makonni bayan an daina shansa, shi ya sa likitoci ke jira mako 5 kafin su bi shi da wani rukuni na tsofaffin magungunan damuwa, su kuwa waɗancan ana jiran kwana 14 bayan barinsu kafin a fara wani.

Hatsari mafi girma shi ne sinadarin sirotonin ya yi wa jiki yawa. Alamunsa su ne rashin natsuwa, da zufa, da makyarkyata, da gudawa, da bugun zuciya da sauri, da sanƙarewar gaɓoɓi, da zafin jiki mai tsanani, da ruɗewar hankali, kuma galibi cikin sa'o'i kaɗan bayan an haɗa magungunan suke bayyana. A wurinmu nan mai ganin waɗannan alamu zai iya cewa zazzaɓin cizon sauro ne, wani kuma ya ce shafar aljannu ce, a tsaya ana ta kewaye har lokaci ya ƙure. A shekarar 1984, a birnin Niyok na Amurka, wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Libby Zion ta rasu a asibiti bayan an yi mata allurar kashe zafin ciwo mai suna fetidin alhali tana shan maganin damuwa mai suna fenelzin. Rasuwarta ta jawo shari'a da canjin doka game da yawan sa'o'in aikin ƙananan likitoci a wannan jiha a 1989. To, idan waɗanda suka yi shekaru suna karatun likitanci irin wannan haɗi ya kuɓuce musu, ina ga ni da kai?

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasashen Turawa ne. Ƙwayar tiramadol, wadda jama'a ke kira tiramol, ita ma tana ƙara sirotonin, kuma tana saukaka aukuwar jijjiga, saboda haka haɗa ta da maganin damuwa hatsari ne sananne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna 'yan Nijeriya wajen miliyan 14.3 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, daga cikinsu wajen miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol ba bisa ƙa'idar likita ba. Sau da yawa mai shan ta leburan gona ne ko ɗan acaɓa ko mai dakon kaya, wanda ke neman ƙarfin yini yana aiki. Idan irin wannan bawan Allah ya kamu da ciwon damuwa aka rubuta masa magani, kunya za ta hana shi gaya wa likita abin da yake sha da safe. Hatta magungunan ciwon jiki da muka raina, irin su asfirin da ibufurofen, idan aka jera su da fuluwozetin ko satiralin suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki. Wasu magungunan tari ma suna cikin wannan sahu.

Ban da jiki, akwai abin da haɗin ke yi wa hali. Wasu mutane ciwonsu mai fuska biyu ne, watau wani lokaci ƙunci, wani lokaci kuma zumuɗi mai wuce iyaka. Irin waɗannan, maganin damuwa yana iya tunzura su zuwa ɗaya fuskar: barci ya ƙaurace, magana ta yi yawa, mutum ya sayar da gona ko ya saki mata cikin kwana biyu, iyali kuwa da farko su yi ta murna suna cewa ya warke. Haka kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta gargaɗi a jikin waɗannan magunguna a 2004, ta faɗaɗa shi a 2007, cewa yara da matasa har zuwa shekara 24 suna iya samun ƙarin tunanin halaka kansu a makonnin farko. Wannan ne ya sa likita ke son ya sake ganin majinyaci bayan ɗan lokaci kaɗan, ya kuma ji daga bakin iyalinsa. Mai ƙara magani a ɗaki ba shi da wanda ke lura da shi haka.

Wani zai ce, ai likitoci da kansu suna haɗa maganin damuwa biyu. Haka ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan majinyata wajen 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke warwarewa da maganin farko, saboda haka sauran dole a ƙara musu kima, ko a canja, ko a haɗa. Amma masana ba su haɗu a kan cewa haɗawa ta fi amfani a kowane hali ba. Binciken da aka buga a 2011 bai ga fifikon fara jinya da magani biyu a kan ɗaya ba, wani nazari kuma na 2022 ya ga amfani ga wasu haɗe-haɗe keɓantattu. Abin da masana ke saɓani a kansa bayan gwaji da awo, ba hurumin maƙwabci ba ne ya yanke shi a bakin ƙofa. Magabata ma a kan haka suke. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijiriyya, ya ambata cikin Zadul Ma'ad cewa likitoci sun haɗu a kan ba a komawa ga magani matuƙar abinci zai wadatar, kuma ba a komawa ga haɗaɗɗen magani matuƙar tilo zai wadatar. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, wanda ke nuna shugabannin jihadi sun ɗauke shi ilmi ne da ake koyo kamar fiƙihu da nahawu.

Yanzu mu koma ga hukunci. Neman magani abu ne da sunna ta yi umurni da shi, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Tausayin mara lafiya kuwa ibada ce. Amma shari'a ta raba tsakanin kyawun niyya da ingancin aiki. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, sa'an nan wankan janaba ya kama shi. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce ba su ga yana da shi ba, ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya jingina kisan gare su, ya kuma zarge su da rashin yin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan mutane addini suke so su tsare masa, ba su ƙi shi ba, duk da haka kyawun nufinsu bai wanke su ba. Haka kuma an ruwaito cikin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Ibnu Rushdi, malaminmu na mazhabar Malikiyya wanda ya rasu a 595 Hijiriyya, ya bayyana cikin Bidayatul Mujtahid cewa babu saɓani a kan wannan, domin mai yin haka ya ƙetare iyaka.

Malaman usulu sun raba jahilci gida biyu. Akwai sassauƙa, shi ne mutum bai sani ba kuma ya san bai sani ba, wannan tambaya ɗaya ke warkar da shi, kamar yadda aya ta 43 ta Suratun Nahli ta umurce mu da komawa ga masana. Akwai kuma haɗaɗɗen jahilci, shi ne bai sani ba amma yana ganin ya sani. Mai miƙa ƙwayar matarsa ga maƙwabci yana cikin kashi na biyu, domin ya ga magani ya yi wa mutum ɗaya amfani sai ya yi ƙiyasi a kan wani, bai san ciwonsa ba, bai san lafiyar zuciyarsa da hantarsa ba, bai san abin da yake sha ba. Saboda haka amsar tambayarmu ita ce: yana da ladan tausayin da ke zuciyarsa, amma aikin hannunsa haramun ne, kuma idan cuta ta auku alhaki yana wuyansa. Tsare rai da tsare hankali suna cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, wannan aiki kuwa yana wasa da su duka biyun.

Shi kuwa majinyaci, sai mu yi masa magana da taushi, domin ciwon nan yana raunana tunani da haƙuri, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma jikinsa amana ce a hannunsa, aya ta 195 ta Suratul Baƙara kuwa ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Haƙurin da ake nema daga gare shi a nan shi ne ya ba magani lokacinsa, ya koma ranar da aka sa masa, ya kuma gaya wa likita gaskiyar duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da wanda yake jin kunyar ambata. Kada ya daina magani farat ɗaya don ya ji sauƙi, domin hakan yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwo, kuma galibi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware. Idan azumi ya gabato, ya tambayi likita yadda zai tsara lokutan sha, kada ya tara na safe da na dare ya haɗiye a buɗa baki.

Adalci kuma shi ne mu faɗi rabonmu na laifi, mu jama'a. Me ya sa mai ciwon damuwa ke ɓoye maganinsa, yana zagayawa shagon kemis da dare? Domin ya san idan aka gan shi a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, za a ce ya taɓu, a hana 'ya'yansa aure. Wani kuma zai ce masa da imaninsa ya cika da bai shiga wannan hali ba. Duk wanda ya furta irin wannan magana ya taimaka wajen tura ɗan'uwansa ga haɗa magani a ɓoye. Akwai kuma talauci: kuɗin mota da kuɗin kati da kuɗin magani sun fi ƙarfin mutane da yawa, likitocin wannan fanni kuma kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da yawan jama'a. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma ba ya mayar da guba ta zama magani. Abin da yake wajabtawa shi ne masu hali da masu iko su tashi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, tana bukatar a gan ta a aikace har ƙananan asibitocin ƙauye. Mai shagon magani kuwa ya sani cewa sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba cin amana ne, ko da mai saye ya yi ta roƙo.

To, ta ina mai tausayi zai bi? Hanyoyi suna da yawa, kuma duk sun fi miƙa ƙwaya lada. Ka biya wa ɗan'uwanka kuɗin mota, ka raka shi asibiti, ka tattara duk magungunan da yake sha cikin leda ɗaya a nuna wa likita. Ka zauna da shi, ka ja shi zuwa jam'i da taushi, ka yi masa addu'a, ka ɗauke masa wani nauyi na gida. Idan ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada ka tsawata masa kuma kada ka bar shi shi kaɗai, a damƙa magungunansa ga amintacce cikin iyali, a kai shi ga likita a ranar. Idan kuwa aka ga zufa da makyarkyata da zafin jiki da ruɗewa bayan ya sha sabon magani, a garzaya da shi asibiti tare da kwalayen, a yi addu'ar a hanya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya sanar da mu iyakar saninmu, Ya kuma tsare mu daga cutar da wanda muke so. Amin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.